Ranar da Na Zare wa Floridalma Sakata

Na san za a ce ƙari na yi, domin duk wanda ya san ni a garinmu Totonicapán ya san ba na wasa da sunan gidana. Amma ga maganar kamar yadda ta faru: ranar da 'yata Floridalma ta ƙulla kayanta za ta gudu da saurayi, ni da hannuna na zare mata sakatar ƙofa, bayan na rataya mata sarƙar aure a wuya. Ni ce Ernestina Cotom, wadda ta shugabanci makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, wadda har yau iyaye ke ambaton sunanta idan suna so yara su nutsu. Wanda ya ga dama ya yi shakka, amma ya saurara har ƙarshe.

Floridalma ita ce autarmu, ni da maigidana Casimiro. A lokacin tana shekarar ƙarshe a karatun jinya. Wanda take so kuwa Obdulio Sac ne, kafinta, maraya da ya tashi a hannun kawunsa. A coci suka san juna. Ban taɓa samunsa da wani aibu ba, sai dai saurin fushi irin na samari da kuma yawan jin maganar abokai.

Ya zo neman aurenta yadda ake zuwa. Da sassafe muka shimfiɗa ɗanyen ganyen itacen pino mai ƙamshi a ɗakin baƙi bisa al'ada, muka kunna kyandir. Kawunsa ya shigo tare da Don Venancio, dattijon da ke magana a madadin masu neman aure, ga kwandon burodi da cakulan an rufe da sabon mayafi. Don Venancio ya yi doguwar magana mai daɗi, ya yabi gidanmu tun daga kakanni. Casimiro ya ba shi amsar da mahaifina ya ba nasa iyayen: yarinya ba ta gama girma ba, za mu yi shawara, su koma da kwandonsu. Haka ake yi a zuwan farko, kowa ya sani. A zuwa na biyu muka karɓi kwandon, muka ce su dawo bayan girbin masara, lokacin da ta kammala karatu, sannan a sa rana.

A nan matsala ta shigo. Obdulio ya sami aiki a wani babban shagon kujeru a Mazatenango, can yankin da ake zafi, za a fara da zarar an gama bikin Mala'ika Mika'ilu na garinmu, wato tun kafin girbi. Abokansa na shago suka sa shi gaba. Suka laƙaba masa jakin burodi. Suka ce tsohuwar malamar nan ba za ta taɓa ba kafinta 'yarta ba, burodinsa kawai take ci tana ja masa rai. Suka ce namiji ɗaukar matarsa yake yi ya tafi, bayan mako guda iyayensa su je ban haƙuri, magana ta mutu.

Ita ma Floridalma tana da nata masu hura mata kunne. Babbarsu Glendy ce, ƙawarta tun suna aji ɗaya, wadda ni na koya mata rubutu. Shekara guda kafin nan ta bi Wílmer, direban a-kori-kura, ba tare da an nemi aurenta ba, tana zaune a gidan uwarsa. Wata rana ina gyaran wake a tsakar gida na jiyo ta ta taga.

"Ke Flori, a wane zamani kike ne? Yanzu wa ke tsayawa wannan dogon surutun na tsofaffi? Dube ni, mutuwa na yi? Kwana kaɗan Mama ta yi tana kuka, ta share hawayenta. Ki zauna nan, waliyyiya, 'yan matan Mazatenango su ɗauke miki shi. Can fa ba sa rufe kafaɗa."

Floridalma ta ce tana tsoron ɓacin ran Babanta. Glendy ta yi dariya, ta ce ai duk 'yan ajinsu da suka yi aure ta wannan hanyar suka bi, ita kaɗai ta rage tana jiran izini kamar 'yar firamare. Na ci gaba da tsince wake, amma zuciyata ba ta wurin.

Ranar biki da hantsi, gari ya cika da kiɗan marimba da ƙarar wasan wuta, na buɗe akwati don in ɗauko zanen fita. Sai na ga babu zanen Floridalma mai tsada, babu rigarta mai aikin furanni. Na same su a ƙulle cikin mayafi, an tura bayan buhun masara. Na kira Casimiro na nuna masa. Nan take ya ce a sa kwaɗo a ƙofa, yau ba mai fita. Na ce masa kwaɗo zai tsare ta yau, gobe kuma fa, ranar da za ta tafi asibiti aiki? Na tuna masa cewa tun tana ƙarama, kowace safiya kafin a karya, shi ne ke karanta mana Kalmar Allah a teburin nan. Ko bai tuna wurin da uba ke gargaɗin ɗansa kada ya yarda idan abokai suka lallashe shi zuwa ga ɓarna ba, inda aka kwatanta koyarwar uwa da uba da kayan ado a wuyan ɗa? Na ce idan duk abin da muka zuba a kunnenta bai zauna ba, ƙarfe ba zai zaunar da shi ba. Idan kuwa ya zauna, yau za mu gani. Sai ya koma ya zauna.

Na kira ta na ce ta zo in yi mata kitson biki. Ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna kamar da. Na fara taje gashin. Na faɗa mata na ga ƙullin. Ta fashe da kuka, ta ce Obdulio ya rantse idan ba ta bi shi yau ba ya haƙura da ita, kuma ƙawayenta duk sun ce girman kai ne ya sa muke wahalar da shi.

Na bar ta ta yi kukanta, na gama kitson, sannan na juyo da fuskarta.

"'Yar nan, kin taɓa ganin mun rasa burodi a gidan nan? Kwandon can ba don cikinmu ake kawo shi ba. Don ke ne. Za ki zauna da dangin miji shekaru masu yawa, kuma wata rana magana za ta yi zafi, domin babu gidan da ba ta zafi. Ranar nan ina so ki iya ɗaga kai, kowa ya san sun zo, sun durƙusa, sun roƙa, sun jira. Ƙawayenki suna tare da ke yau. Ranar da nake faɗa miki ba za ki ga ko ɗaya ba."

Sai na tashi na ɗauko sarƙar azurfar da uwata ta sa mini ranar aurena, wadda ita ma tata uwar ta sa mata. A gidanmu ba a rataya ta sai amarya ta durƙusa gaban iyaye ana sa mata albarka. Na ce mata idan ta tafi yau ba zan sami wannan ranar ba, kuma ba zan hana ta gadonta ba. Na rataya mata. Na ɗauko ƙullin na miƙa mata, na je na zare sakata, na buɗe ƙofar har bango.

"Ba na korar ki, ba na kuma tsare ki. Kin san abin da muka koya miki."

Ta dubi Babanta. Bai ɗago ba. Ta rungume ƙullin ta fita.

Na zauna kusa da Casimiro, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, muka yi ta addu'a ba tare da murya ba. Ina ganin idon matan coci, ina jin abin da za a faɗa a kasuwa game da malamar da ta tarbiyyantar da 'ya'yan gari ta kasa riƙe tata. Amma abin da ya fi cina shi ne tunanin 'yata a gidan da ba wanda ya roƙo ta.

Abin da ya faru a waje ban gani ba, daga baya aka ba ni labari. Motar Wílmer tana tsaye a bayan wurin wankin unguwa, Glendy a gaba, Obdulio yana tsaye yana ta waige. Da Floridalma ta iso, Glendy ta hango sarƙar, ta tambaye ta ko satowa ta yi. Ta ce a'a, Mama ce ta sa mata, ita ce kuma ta buɗe mata ƙofa. Wílmer ya ce to ai shi ke nan, tsohuwa ta sallama, ta hau su tafi kafin jerin gwanon masu biki ya tare hanya. Obdulio ya miƙa hannu zai karɓi ƙullin. Ba ta saki ba.

"Obdulio, na zo ne in faɗa maka da bakina, don kada ka ji a bakin wani. Ina son ka, ba na son kowa bayanka. Amma ba zan hau motar nan ba. Idan kana so na, ka san ƙofarmu, ka san lokacin da Baba ya ce."

Glendy ta ce mata 'yar Mama, ta koma a ɗaura mata bante. Wílmer ya yi ta danna oda yana dariya, yana ce wa Obdulio jakin burodi ya sake shan kaye. Fuskar Obdulio ta yi baƙi, ya ce ta kunyata shi gaban abokansa, ya haye bayan mota bai waiwayo ba.

Muna zaune sai muka ji takunta. Ta shigo, ta mayar da sakatar da kanta, ta ajiye ƙullin, ta faɗa jikin Babanta tana kuka. Ta kai hannu za ta cire sarƙar, na riƙe hannun. Na ce ta bar ta, yau ta cancance ta.

Kada wani ya ɗauka daga nan daɗi ya biyo. Obdulio ya tafi Mazatenango, ba saƙo, ba gaisuwa. Floridalma ta rame, tana karatu hawaye na ɗiga a kan littafi. Ƙawayenta suka daina zuwa. A bakin coci na ji wata tana cewa girman kan Doña Ernestina ya sa 'yarta ta rasa miji. Na gaishe ta da kyau na wuce, ban sunkuyar da kai ba. Ta ci jarrabawarta, aka girbe masara, aka shanya, aka kai rumbu, babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ko sau ɗaya ba ta ce mu muka jawo mata ba. Wannan haƙurin nata ya fi komai taɓa ni.

Ana gab da Kirsimeti, wata safiya mai sanyi, na ji muryar Don Venancio yana sallama. Na buɗe. Ga shi, ga kawun, ga Obdulio a bayansu, ya rame, rana ta ƙona shi, da ƙaton kwando a bayansa, igiyar ta ratsa goshinsa. Ba a saba saurayi ya ɗauko da kansa ba. Don Venancio ya ce yaron ne ya dage, kuma ya ƙi bin lungu, sai da ya bi ta gaban tsohon shagonsu, abokansa suna ihu suna kiransa da sunan nan, bai tanka ba.

Da ya durƙusa gabanmu ya nemi izinin magana. Ya ce ranar bikin, bayan sun bar Floridalma, gidan su Wílmer suka je cin abinci. Glendy ta ɗan makara da kawo wainar masara, da aka yi mata magana ta ɗaga murya tana kare kanta, sai uwar mijin ta dube ta gaban baƙi ta ce ta rage ɗaga murya, tunda ba wanda ya je ya roƙo ta, da ƙafarta ta zo. Ya ce Wílmer bai ko ɗago daga kwanonsa ba. Maganar nan ta bi shi har Mazatenango, ta hana shi sukuni, amma kunya ta hana shi dawowa da wuri.

"Mama, Baba, na kusa jawo mata wannan da hannuna. Ita ta fi ni hankali. Ku yafe mini."

Casimiro ya ɗaga shi ya rungume. Floridalma tana bayan labule, ina jin shesshekarta.

Ranar aure suka durƙusa a kan ganyen pino, dattawan gida biyu suka bi layi suna sa musu albarka. Da aka zo wurin rataya sarƙa, mata suka zuba ido, ga ta kuwa tuni a wuyan amarya. Na sunkuya na gyara mata zamanta kawai. Yau suna da 'ya'ya, kuma kujerar da nake zaune a kanta ina wannan rubutu Obdulio ne ya sassaƙa mini. A gidan kawunsa ba a yanke shawara sai an tambayi Floridalma.

Ina gode wa Allah da ya nuna mini cewa abin da iyaye suka shuka da safe a teburin karyawa ba ya ɓata, ko da ya yi kamar ya ɓata. Ku 'yan mata da samari, muryar abokai tana da ƙarfi amma ba ta daɗewa, kuma ba su ne za su zauna da sakamakon ba. Wanda ya iya cewa a'a gaban masu yi masa dariya ya sayi mutuncin da zai ci har tsufa.

Wanda har yanzu yake ganin ƙari na yi, ya je layin masu kayan saƙa a kasuwa ya tambayi Glendy. Ita ta zo ta same ni da kuka, ta ba ni labarin duk abin da aka faɗa a bakin motar nan, ni kuma na raka Don Venancio har muka shawo kan dangin Wílmer suka kai wa iyayenta kwando, ko da a makare. Tana gaban mota ranar nan, da idonta ta ga sarƙar. Ku tambaye ta wa ya zare sakata.