Wadda Ba Ta Taɓa Bugawa Ba

Ƙarfe tara saura na safiyar Laraba aka kira ofishin 'yan sanda daga unguwar Ƙurban. An ce wata ta mutu a nadi, gidan da mata ke koyon damben keji, wasan nan da ake haɗa dambe da kokawa a cikin shingen waya.

Sufeto Rilwanu ya iso tare da 'yar sanda mace. Haifaffen Madina ne, kakansa ya zo daga Damagaram da ƙafa. Yana jin Hausa tsaf, amma a bakin aiki Larabci kawai yake yi, ya bar mutane su yi ta sakin baki a gabansa.

Gawar tana kwance a ɗakin tururi, cikin rigar roba. Zinariya ce, 'yar shekara ashirin da shida, wadda ta yi faɗa goma sha ɗaya ba a taɓa cinye ta ba. Saboda ita ne iyaye maza suka fara yarda su sauke 'ya'yansu a ƙofar nan.

"Tsautsayi ne," in ji Najwa, mai nadin. "Jibi tana da faɗa a Jidda, gobe awo, saura kilo biyu ta zubar. Mai shara ce ta murɗa zafin ya wuce kima. 'Yar Maradi ce, ba ta iya lambobin Larabci ba, biyar take gani ta ce sifili."

Ko hawaye babu a idon matar. Wayarta kawai take dubawa.

Rilwanu ya durƙusa. Tafin hannun Zinariya na dama ya kumbura ya yi baƙi. Ƙofar ba ta da makulli, waje take buɗewa. A kan dandamalin da ke gabanta akwai karce guda, dogo, mai lanƙwasa, ya tafi har gindin wani bencin ƙarfe da ke jikin bango.

Mai sharar, Iyatu, tana rakuɓe a ɗakin wanki. Ta haura hamsin. Ta san hukuncin kisa a ƙasar nan, ta kuma san wa ake fara kamawa.

Ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya, ya ce da Hausa, "Inna, zauna."

Ta ɗago a firgice.

"Ke kika kunna tururin?"

"Ni ce, ɗana, bayan asuba. Amma duba, ɗigon jan farce na sa a wurin da aka nuna mini. Kullum nan nike tsaidawa."

"Daga nan fa?"

"Ina nan ina shara."

"Kina nan, mutum na dukan ƙofa har hannunsa ya kumbura, ba ki ji ba?"

Iyatu ta fashe da kuka, ta ce ta fita. Kowace Laraba takan je wani gida a Al-Awali ta yi musu guga, daga shida da rabi zuwa takwas. Iƙamarta, takardar zamanta, a kan nadin take, aikin waje laifi ne.

"Don Allah kar ka rubuta. Ɗiyana biyu na makaranta, da aikin nan nike riƙe su."

Ya je ya duba maɓallin zafin, yana nan daidai kan ɗigon jan farce.

Ta ukun ita ce Huda, mai horar da Zinariya, iyayenta Hausawan Sudan ne. Ta zauna a bakin kejin, hannunta na hagu a naɗe cikin mayafi. Najwa ta tsaya a kanta ba a kira ta ba.

"Yaushe kika zo?" ya tambaya da Larabci.

"Takwas da rabi. Na tarar ana ihu."

"Mai rage nauyi takan shiga tururi ba kowa a bakin ƙofa?"

"Zinariya ba ta jin magana. Abin da ta ga dama take yi."

Ya nuna wani ƙaton hoton marigayiyar da ke bango. A ƙarƙashinsa an rubuta: Wadda ba ta taɓa bugawa ba.

"Mene ne wannan?"

"In aka shaƙe mutum ko aka murɗe masa hannu, sai ya buga tabarma sau uku," in ji Huda. "Ma'ana na sallama. Dole a sake shi nan take. Wasan duka a kan wannan amanar yake tsaye."

Najwa ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta ce da Hausa a hankali, "Halas, ya isa. Kar ki kawo zancen hannunki."

Rilwanu ya ci gaba da rubutu, ko gira bai ɗaga ba.

Ya fita ya yi waya Al-Awali, uwar gidan ta tabbatar da zuwan Iyatu. Ya dawo ya sa 'yar sandan ta ɗaga bencin nan. Ta ɗauke shi cak da hannu biyu, bai taɓa ƙasa ba. Ya ce ta sake da hannu ɗaya. Sai da ta ja shi, ƙafarsa guda ta zana sabon karce kusa da na farko, lanƙwasarsu ɗaya.

Karce dai ba ya magana a gaban alƙali, wannan ya sani. Ya koma wajen Huda, ya rufe littafinsa, ya yi mata Hausa.

"Me ya sami hannunki?"

Najwa ta dafe bango.

"Shekara uku ke nan," Huda ta ce. "A nan, wajen horo. Ni ce ta ɗaya a lokacin. Zinariya ta kama gwiwar hannuna, na buga. Na sake bugawa. Sai da ta ji ƙashin ya yi ƙara. Da aka tambaye ta, ta ce ba ta ji ba."

"Kika zauna kina riƙe mata tawul."

"Ina zan je da hannu ɗaya?"

"Ɗayyib, shi ke nan." Ya miƙe yana kaɗe wando, sannan ya shirga ƙaryarsa. "Likita ya ce suma ta yi nan take, ba ta san me ya faru ba. Kumburin hannun na horo ne. Haka zan rubuta. Hoton nan ya yi gaskiya ke nan, har ta koma ga Allah ba ta buga wa kowa ba. Da wannan za a riƙa tuna ta."

Ya yi taku biyu.

"Ƙarya ne."

Ya tsaya.

"Ta buga," in ji Huda, muryarta ko rawa ba ta yi. "Uku-uku, yadda ake yi. Na tokare ƙofar da bencin, na zauna a kansa ina ƙirgawa. Ta kira sunana, ta ce ya ukhti, 'yar'uwata, na sallama. Wallahi niyyata in buɗe a bugun farko. Sai na ji daɗinsa."

"Sai me?"

"Sai na ce mata ban ji ba."

'Yar sandan ta rasa yadda za ta haɗa hannuwan biyu a ankwa, na hagun ba ya miƙewa. Ta riƙe ta a kafaɗa suka fita. A waje motoci sun yi layi, iyaye maza na kwashe 'ya'yansu da jakunkunansu, ba wanda ya ce sai gobe. Najwa ta tsaya tana kallon kejin. Ta ɗaya ta mutu, mai horarwa ta tafi kurkuku, yaran da za su gaje su suna shiga mota.

Iyatu ta tare shi a bakin ƙofa, tsintsiya a hannunta.

"Ɗana, an wanke ni?"

"An wanke ki, Inna."

"Alhamdu lillahi. Zancen Al-Awali fa?"

Rilwanu ya dubi littafinsa. Huda na iya sauya magana a gaban alƙali, Najwa kuwa har yanzu wuyan da za ta rataya wa laifin take nema. Abu ɗaya ne ya raba Iyatu da takobi, shi ne gugar nan ta Laraba, kuma shi ne zai raba ta da Madina.

"Na rubuta," ya ce. "Ofishin iƙama za su neme ki kafin Lahadi."

Ta dube shi. Ta koma ciki ta ci gaba da share dandamalin, don ba wanda ya ce mata ta daina.