Ƙunshin da Ya Ƙi Buɗuwa

Ranar Litinin Sakinatu ta ga amsar jami'ar Malesiya: sun karɓi janyewarta daga gurbin karatun da suka ba ta, ko da yake takardar da ta liƙa a imel ɗin ta ƙi buɗuwa. Ita kuwa ba ta janye komai ba. Da kuka ta isa ofishin 'yan sanda wurin Sufeto Nagoda.

Ofishin fassarar kawunta, Malam Kailani, a Tudun Wada, mutum uku ne: shi, ita, da Rauda mai buga takardu. Duk sun san kalmar sirrin imel ɗinta, don ita Sakinatu ba ta iya ɓoye komai ba. Rauda aka fara tuhuma, an san tana da baƙin ciki. Ta rantse ranar da aka tura saƙon tana unguwar Hanwa wurin suna, aka bincika, haka ne.

Garin kare kanta Rauda ta zazzage haushin ofis. Ta ce ita da Sakinatu sun koma sabuwar manhajar imel mai bin ƙa'idar da kowa ke bi, abin da ka liƙa ko a waya zai buɗu. Malam kuwa ya kafe kan tsohuwar da ke kwamfutarsa, mai naɗe takarda cikin ƙunshin da sai irinta ke kwancewa. Kullum masu kawo aiki suna bugo waya suna masifa, shi yana cewa nasu ne ya lalace.

Sufeto ya sa a turo masa hoto daga kowace kwamfuta. Biyu suka buɗu. Na Malam ya zo a ƙunshe, irin wanda jami'ar ta kasa buɗewa. Ɗakin da kwamfutar take kuma, makullinsa ba ya barin aljihun Malam.

"Sunanta ka ara, Malam, amma manhajarka ce ta naɗe saƙon," in ji Sufeto.

Ko gezau bai yi ba. "Yallaɓai, ni na riƙe ta tun rasuwar uwarta. In ta tafi, wa zai riƙe min ofis?"

Abin takaici, dangi suka taru suka sa ta janye ƙara, wai ba a kai kawu kotu. Gurbin kuma an riga an ba wani.

Ranar da ta koma teburinta Malam ya leƙo daga ɗakinsa.

"Sakinatu, zo ki tura min wannan ta taki. Wai nawa ba ya buɗuwa."