Sunan da Ya Rubuta Ina Barci

"Maimaita min," na ce. "Me ka rubuta?"

Mijina yana tsaye a bakin gadon asibiti riƙe da fulas ɗin ruwan zafi, fuskarsa fal murmushi irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba masa.

"Maya," ya ce. "Gajere ne, Zumata. Baba zai iya faɗa, Umma za ta iya faɗa, ma'aikatan ofis ma..."

Umma ta dire kofin shayin da ke hannunta har ya fantsama kan 'yar kwabar ajiye magani. Jaririyar tana kan cinyarta. A hankali ta ɗauke ta, ta mayar da ita cikin ɗan gadonta, ta goge hannu da gefen zani.

"Mai Fenti," ta ce, don haka take kiransa tun ranar da ya fara zuwa gidanmu da fenti a farce, "jikata ka sa wa wannan sunan?"

"Umma, ai sunan..."

"Sannu. Ka kyauta."

Ta ja mayafinta ta nufi ƙofa. Sai da ta kama hannun ƙofar ta juyo gare ni.

"In wannan ne sunanta, ki nemi mai yi miki zaman jego. Ni bakina ba zai kira shi ba, hannuna kuma ba zai ɗauke ta ba."

Ta fita. Ni kuwa ɗinkin tiyata ne kaɗai ya hana ni tashi in shaƙe shi.

Gidanmu harshe uku ake yi. Ni da Umma Hausa. Shi da mahaifinsa, wanda muke kira Baba Tsoho, nasu yaren. Sai harshen garin da muke zaune, na ofis da makaranta da takardu. Saboda ni ya koyi Hausa, shekara huɗu yana fama da ita, har yau wani lokaci yana ce wa Umma "ka" mu yi ta dariya.

Tun cikina yana wata uku muka manna takarda a jikin firij muna rubuta sunaye. Sharaɗi ɗaya ne: suna ya shiga bakin kowa, kuma kada ya zama abin dariya a kunnen kowa. Na kawo Ƙamariya, Baba Tsoho ya yi ta ƙoƙarin furta ƙ ɗin har ya sarƙe. Shi ya kawo Tara, Umma ta ce, "Ina sauran takwas ɗin?" Ya kawo Gina, ta ce, "Gida ko rijiya?" Na kawo Hanne, ya ce a yarensu abin da ake kiran akuya da shi ke nan. Suna talatin da ɗaya muka soke a takardar nan.

Wata shida muna gudun gara, ashe gidan zago za mu faɗa.

"Ina barci ka cike fom ɗin?" na ce.

"Nas ce ta kawo. Ta ce ƙarfe huɗu mai rajistar haihuwa za ta zo ta kwashe. Ba na son in tashe ki..."

"Ba ka son ka tashe ni. An yanka cikina an ciro 'ya, kai kuma ka ɗauki biro ka yanke hukunci kai kaɗai. Takardar firij fa? Wasa muke yi?"

"Zumata..."

"Kada ka ƙara ce min Zuma. Ka san abin da sunan nan yake nufi?"

Ya girgiza kai.

"Mayya! Mai cin kurwar mutane. Wadda in ta shigo gida ake ɓoye yara. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma babu Bahaushen da zai tsaya ƙirga harafi. Ka ɗauki 'yata kwana ɗaya a duniya ka liƙa mata zagi a goshi."

Ya dubi fulas ɗin da ke hannunsa. Ya ajiye shi.

"Wallahi ban sani ba. Ba a koya min wannan kalma ba."

"Da ka tambaya ai da an koya maka. Rashin sani ya fi dare duhu, amma mai baki ba ya ɓata. Bakinka me ya same shi?"

"Sunan mahaifiyata ne."

Maganar ta sauka a ƙirjina, amma fushi bai bar ni na karɓe ta ba. Hoton mahaifiyarsa yana falonmu, na san ta rasu yana ƙarami, sai dai a gidansu ba mai ambatar sunanta, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

"Jiya da Baba ya ga yarinyar kuka ya yi," ya ce. "Ya ce goshin, hancin... ita ce. Rabon da in ga hawayensa tun ina shekara shida. Sai na ga fom, sai hannuna ya rubuta."

"To hannun da ya rubuta shi zai soke."

"Ki bari mu yi magana..."

"Maganar da ba ka yi ba kafin ka rubuta? Ka je ka soke, ko kuma ka ɗauki takardarka ka raine ta, ni in bi uwata da 'yata."

Na san magana zarar bunu ce. Ina faɗa na ji ta fita, kuma ban yi yunƙurin mayar da ita ba. Ya dube ni, ya dubi jaririyar, ya zaro fom ɗin daga aljihun rigarsa ya fita.

Sai da ƙofa ta rufe na fashe da kuka, kowace shessheƙa tana jan ɗinkin cikina.

Akwai abin da ban taɓa gaya masa ba, shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya. Ina shekara bakwai ɗan maƙwabciyarmu ya yi zazzaɓi ya rasu, kwana biyu bayan Umma ta gwada masa rigar da ta ɗinka. Wata mata ta faɗi kalmar nan a bakin famfo, kafin sati ta zagaye unguwa. Mata suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, wasu daga bakin ƙofa suke miƙo hannu. A makaranta aka bar min benci ni kaɗai. 'Yar mayya, haka ake ce min. Umma ta ɗora keken ɗinkinta a mota muka bar garin, kuma tun daga ranar kalmar ba ta ƙara fitowa daga bakin ɗayanmu ba.

Yau ga surukinta ya kawo mata ita a takardar gwamnati, da murmushi.

Ƙarfe uku da rabi ya yi, bai dawo ba. Umma ma ba ta dawo ba. Nas ta ce tafiya kaɗan za ta yi min amfani, sai na roƙe ta ta kula min da jaririyar. Na dafa bango na fita, ina jan ƙafa, ina shirya sabuwar masifar da zan sauke masa.

A ƙarshen baranda na hango shi, zaune kan benci kusa da tagar rajista. Fom a gwiwarsa, biro a hannunsa. Mutumin da yake rubuta allon shago mai tsawon mota ba tare da hannunsa ya karkace ba, ga shi ya kasa jan layi ɗaya.

"Har yanzu?" na ce.

Bai ɗago ba.

"Nas ta ce fom ɗin mai lamba ne, ba a ba da wani. In ja layi a kan sunan, in sa hannu a gefe, in rubuta sabo."

"To ja mana."

"Zan ja." Ya ɗora bakin biron a kan harafin farko, ya sake ɗauke shi. "Kin san sunaye nawa na rubuta a rayuwata? Na shaguna, na motoci, na makarantu. Nata ban taɓa rubutawa ba. Yau ne na farko. Ki ba ni minti ɗaya in kalle shi, sai in soke."

Na buɗe baki, masifar da na shiryo ta ƙi fitowa. Haushi ya ƙara kama ni, don ba na son in tausaya masa. Ina son mutumin nan son da yake ba ni kunya, kuma a wannan minti ɗin na tsani son.

"Uwata ma mutum ce," na ce. "Da wannan kalmar aka kore ta daga gari. Da ita aka hana yara zama kusa da ni. Kai kana da hoto a bango, ni tawa uwar tana da rai, kuma yau ka sa ta ajiye jikarta ta fita."

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa jawur.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Kai me ya sa ba ka taɓa gaya min sunanta ba?"



"Ku rage murya, asibiti ne."

Umma ce. Ashe tana zaune a bencin da ke bayan ginshiƙi tun ɗazu, carbi a hannu, fuskar nan a murtuke. Ta taso ta tsaya a kansa. Ya yi saurin miƙewa.

"Umma, ki yi haƙuri. Yanzu zan soke."

"Na ji komai, ba kurma ba ce ni. Sunan nan, me yake nufi a yarenku?"

"Ban sani ba, Umma." Ya dubi fom ɗin. "Ni dai abin da na sani, in an faɗe shi uwata ce take amsawa."

Umma ta daɗe tana kallonsa. Ni na san kallon, shi take yi wa yadi kafin ta sa almakashi.

"Kawo in gani."

Ya miƙa mata fom ɗin. Ta nisanta shi da idonta don ba ta zo da gilashi ba. Manyan haruffa huɗu, tsaf-tsaf, a tsakiyar layi. Halin masu rubuta allo ke nan, ko takardar cefane zai rubuta sai ya bar fili dama da hagu.

"Ka yi wauta, Mai Fenti," ta ce. "Ba a yanka wa mutum riga yana barci. Kuma matarka ta yi gaskiya, sunan nan tsirara ba zai shiga gidana ba."

"Na sani, Umma."

"Ba ka sani ba, ka yi shiru. Ni an taɓa shafe sunana an ba ni wani, na san zafinsa. Ba zan tsaya ina kallo ɗa ya ja layi a kan uwarsa ba." Ta ɗora yatsa a filin da ke hagun sunan, kafin harafin farko. "Nan. Ai ka bar wuri. Rubuta min S."

Ya rubuta.

"Sai U."

Ya rubuta. Na leƙa ta gefen kafaɗarsa.

SUMAYA.

"Sumayya," Umma ta ce, ta cika bakinta da shi. "Da shi aka san 'ya'yan mutunci, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Tsohonka ya kira rabin da ya sani, uwarka tana ciki ba a taɓa ta ba. 'Yan ofis ma in sun kasa wannan sai su ajiye aiki."

Mijina yana ta motsa leɓe yana gwadawa, irin yadda yake yi in ya haɗu da sabuwar kalma.

"Su... Maya," ya ce a hankali. Sai ya dube ni. "Zumata, ba haka kuke cewa ba? In an ce su wance, ana nufin ita da mutanenta?"

Wannan darasin ni na koya masa, a kicin, shekarar da muka yi aure.

"Haka ne," na ce. Hawaye suka zubo min, na bar su. "Ita da mutanenta."

Ya durƙusa a gaban Umma, a tsakiyar baranda, mutane suna wucewa. Ta buge kafaɗarsa da carbi.

"Tashi ka miƙa takarda, huɗu ta kusa. Ni ban huce ba fa, kuma matarka ma ba ta huce ba."

"Ban huce ba," na ce. "Haihuwa ta gaba ni zan cike fom ɗin, kai kana barci."

Ya yi dariya cikin kuka, ya riƙo hannuna, ban fizge ba.

Da muka koma ɗaki mun tarar da Baba Tsoho tsaye a bakin ɗan gadon, ya kasa ɗaukarta don tsoron kada ya yi mata ba daidai ba. Umma ta wuce shi, ta sunkuya ta ɗauki jikarta, ta gyara mata hula, ta sa masa ita a hannu. Ba ya jin Hausa, ita ba ta jin yarensa. Ta nuna yarinyar da yatsa.

"Su," ta ce, ta tsaya tana jiransa.

Tsohon ya dubi ɗansa, ɗan ya gyaɗa masa kai. Ya sunkuyar da fuska kan goshin jaririyar, ya ƙarasa da sunan da ya shekara ashirin da bakwai bai furta ba.