Robar Kunnen Mai Agogo

Ranar Asabar ce. Hadari ya haɗu tun safe, ruwa ya ƙi sauka, zafi ya cika ɗaki.

Auta ta kasa zama. Ta share falo, ta gyara labule, ta sake sharewa. Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Agogo saboda sana'arsa, yana bakin kujera yana murza kan agogon hannunsa, leɓɓansa na motsi.

"Me kake karantawa?" ta ce.

"Gaisuwar Inna nake maimaitawa."

"Shekara goma kana gaishe ta, yau ne za ka yi hadda?"

"Yau za ta ɗauke ki. Kar in yi kuskure."

Auta ta juya baya don kar ya ga idonta.

Bara ne likita ya sa wa abin suna, mutumin yana da shekara arba'in da 'yan kai. Otizim. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba. Haka aka gina ƙwaƙwalwarsa: ƙara tana shigarsa kamar allura, magana mai zagaye kuma ba ta isa gare shi. Tun daga nan suka koyi zama. Auta ta daina cewa kwan fitila ya mutu, don sai ya ce "Haka ne," ya ci gaba da shan shayi. Yanzu cewa take, "Sayo kwan fitila yau." Shi kuma in hayaniya ta kai masa wuya, yakan juya fuskar agogonsa ciki, ta san zai fita bayan gida ya tsaya har numfashi ya dawo. Sai 'yar robar da likita ya ba shi, mai rage ƙara in an sa a kunne.

Robar ce ta jawo rigimar. Makon jiya aka sallamo Inna, mahaifiyar Auta, daga asibiti. Dangi suka cika gidanta, yara na ihu, talabijin na yi, janareta na yi. Inna na cikin magana Mai Agogo ya ciro robar ya toshe kunne. Yayan Auta ya gani. Gida ya kama da wuta. Inna ta ce ranar Asabar za ta zo ta tafi da 'yarta.

"Ajiye robar nan a tebur," Auta ta ce. "Don Allah. Yau kawai."

Ya ajiye.

Ana haka suka yi sallama. Inna a gaba da sandarta, Yaya a baya, waya a kunne yana ihu da wani direba. Mai Agogo ya durƙusa, ya kai gaisuwarsa har ƙarshe. Inna ta amsa a taƙaice.

"Auta, haɗa kayanki."

"Inna, ki saurare shi tukuna..."

"Shi ya saurare ni?"

Yaya ya kashe waya. "Ciwon 'yan boko! Wai otizim. Mutum ya girma da gemu sannan a ce masa yana da lalura? Girman kai ne, full stop!"

"Yaya, likita ne ya faɗa."

"Likitan zai zauna da ke? Ranar bikin 'yata ya tafi kafin a ci abinci. Na yi shiru. Yanzu uwarmu yake toshe wa kunne!"

Daidai nan injin wutar maƙwabci ya tashi. Wayar Yaya ta sake ruri. Fanka na ƙiƙi-ƙiƙi a sama. Mai Agogo ya buɗe baki, maganar da ya shirya ta gudu. Gumi ya jiƙa rigarsa. Ya kai hannu ga agogo, ya juya fuskarsa ciki.

Auta ta gani. In ya fita yanzu, Inna za ta ce ya sake juya mata baya, shi ke nan. In ya zauna, zai ruɗe a gabansu. Hawaye suka zubo mata. Ta miƙe, ta ɗauko robar, ta sa masa a hannu a gaban kowa.

"Lallai!" in ji Yaya. "Da ke ake yi ashe!"

Ba ta kula shi ba. Ta buɗe durowa ta ciro wata sabuwa a leda, ta durƙusa gaban uwarta. "Inna, sa ki ji. In na yi ƙarya, ni zan ɗauki jakata da kaina."

Tsohuwar ta harare ta, ta karɓa. Ta sa ɗaya, ta sa ɗayar. Ta ɗaga kai kamar mai neman wani abu.

"Injin ya yi nisa," ta ce. "Ke, yi magana."

"Kina jina, Inna?"

"Ras nake jinki."

Mai Agogo ya sa tasa. Kafaɗunsa suka sauko. Idonsa na ƙasa ya ce, "Inna, in na cire, fita zan yi. In na sa, zan iya zama. Ran nan zama nake so in yi. Kina cewa farin maganin yana sa ki jiri da safe. Ba wanda ya amsa miki."

Inna ta dubi Yaya.

"Kai ka ji na faɗa?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Ina waya lokacin."

"Kullum kana waya, uban 'yan aiki." Ta juya ga 'yarta. "Share fuskarki, sakarya. Kawo min ruwa. Wannan robar kuma na riƙe, jikokina sun ishe ni."

Auta ta yi dariya cikin kuka. A waje ruwa ya fara ɗiga.

Darasin ba shi da tsawo. Kar ka yanke wa mutum hukunci kan abin da ya sa a kunne, sai ka tambaye shi me ya ji. Wadda ta yi haƙurin koyon halin mijinta, ita ta ci riba.

Washegari Mai Agogo ya bar shago a kulle. Ya sa robarsa, ya tari mota zuwa gidan Inna, ya gaishe ta, ya karɓi ledar magungunanta, ya raka ta wurin likita.