Ihu Biyu a Gari Ɗaya

"Kowa ya kwanta! Ƙasa—ƙasa na ce!"

Da rana tsaka Oga ya banka ƙofar shagon gwal, bindiga a hannu, Tsatsa na biye da shi da jaka da tasa bindigar. Mata masu ciniki suka zube. Tsohon mai gadi bai kwanta ba. Ba jarumta ba ce, gwiwoyinsa ne suka daina jin magana.

A can ɗaya ƙarshen garin kuwa, Jiniya na rataye da ƙarfen wani kangon bene, ƙafafunta na lilo a iska. Shekarunta sha shida. Ba ta riƙe bindiga, ba ta tuƙa mota. Murya ce aikinta a ƙungiyar Oga.

Garin na da gwarzo guda, Kunnen Gari. Yana tashi sama, kuma duk inda aka yi ihun neman ceto sai ya ji. Jama'a sun sakar masa komai, har 'yan sanda sun yi teɓa. Sai dai jiki ɗaya gare shi, kuma Oga ya lura da haka.

"Ihun ƙarya ba ya tayar da shi," Oga ya ce mata da safe a garejin da suke haɗuwa. "Tsoro yake ji a murya. Sai kin saki hannu da gaske, ƙanwata. In ya cafe ki, ki maƙale masa kamar kaska."

"In bai zo ba fa?"

"Shegen? Ko kyanwa ce ta faɗa rijiya sai ya je."

"Ba dai wanda za a taɓa ko, Yaya?"

"Wallahi ko ƙwarzane."

Yanzu, a kan benen, wayar aljihunta ta yi ƙara. Alamar ke nan. Ta runtse ido, ta saki ƙarfen—

A shago, Tsatsa ya daka tsawa. "Baba, kwanta mana!"

"Ina kan kwanciyar, ɗana, ina—"

Tau!

"Uban wa ya ce ka harba?" Oga ya finciko shi.

"Motsi ya yi!"

"Tsoho ne, dole ya yi motsi, jaki! Mu ware!"

Iska ta tsaga kunnen Jiniya. Ƙasa na tahowa a guje. Sai hannuwa biyu suka tare ta, suka dire ta kan tulin yashi. Ta buɗe ido. Gwarzon da ake manna hotonsa a bango yana haki, da ƙuraje a haɓarsa ƙasan abin rufe fuska. Yaro ne. Ba zai girme ta ba.

"Ba ki ji ciwo ba, 'yar'uwa? To sake ni. Akwai wani tsoho yana kira."

Ta ji shi sarai. Ta ƙara damƙe rigarsa.

"Kar ka bar ni! Ƙafata—wayyo ƙafata!"

"Don Allah ki sake ni. Muryarsa na yin ƙasa."

Da ya so, da ya karya mata yatsu ya wuce. Ba halinsa ba ne, kuma da haka Oga ya dogara. Ya tsuguna yana lallashi, yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana mayarwa. Can sai ya daina. Ya karkata kai yana saurare.

"Ya yi shiru," ya ce.

Sannan ta sake shi.

'Yan sanda sun isa shagon bayan an lulluɓe tsohon da mayafin wata mai ciniki. Sufeto ya dubi sama, ya yi tsaki. "Yau kuma ina ya shiga?"

Jiniya ta tsaya a bakin titin da aka ce za a ɗauke ta. Motar ta taho, ta ɗaga hannu. Oga ya dube ta ta gilashi, ya ce wa direba wani abu, motar ta ƙara wuta.

Ba ta yi kuka ba. Ta taka da ƙafar da babu abin da ya same ta har caji ofis.

"Yallaɓai, na san garejin da za su sauya mota."

Kafin la'asar an zagaye garejin. Tsatsa ya ɗaga bindiga, aka riga shi. Oga ya fito hannu sama, yana rantsuwa yarinyar ce ta tsara komai. Gwal ya koma ga mai shi cif. Matar tsohon aka ba ta hularsa da kujerarsa ta roba.

A gidan gyaran hali na yara inda aka kai Jiniya, wata rana da hantsi, inuwa ta tsaya a tagar ɗakinta. Kunnen Gari ne.

"Tambaya ɗaya na zo yi. Tsoron da na ji a muryarki, na gaske ne?"

"Na gaske ne."

"To ta yaya zan riƙa ganewa in tarko ne?"

Ta sunkuyar da kai. 

Sai ya karkata kai. Ta gane wani na ihu a wani wuri cikin gari.

"Je ka mana," ta ce. "Don Allah, je ka!"

Ya tsaya yana ƙara saurare.