Tsakanin Kira Biyu

Rabab ta kife wayar a kan cinyarta, ta ɗago, ta sake kifewa.

Hoton yana nan yadda yake.

Kutaiba ne, malamin lissafin da ya yi mata alkawarin aure, zaune a tsakar gidansu na A'azamiyya, ya buɗe tafin hannu yana murmushi. Mai ɗora masa dabino kuwa Shahad ce, 'yar baffansa. A ƙasan hoton ta rubuta: "Daɗin buɗa baki sai da wanda kuke jin kiran salla ɗaya."

"Har da murmushi!" Rabab ta faɗa a fili. "Murmushin da ya ce nawa ne ni kaɗai!"

Daga tsallaken kogin Dijla kiran magariba ya taso. Masallatan A'azamiyya ne, rana na faɗuwa suke kira. A nan Kazimiyya kuwa, unguwar su Rabab, da yake mazhabarsu daban ce, sai jan sama ya gushe tukuna.

"Rabab... hasken idona, yau kin manta da ni?"

Ta zabura. Bibi ce, kakarta da ta raine su ita da yayanta Sajjad, tana zaune a kan darduma da hannu a buɗe. Bibi 'yar A'azamiyya ce, aure ya tsallako da ita tun tana yarinya, kuma ba ta taɓa sauya sallarta ba. Ita kaɗai ce a gidan take buɗa baki da kiran farko. Da, mijinta ke miƙa mata dabino. Da ya rasu, aikin ya dawo hannun Rabab har ya zame mata jiki.

Ta buɗe ɗan gwangwanin Bibi, ta zaɓo mai laushi saboda haƙora, ta miƙa mata.

"Hankalinki ba ya nan," in ji Bibi tana tauna. "Yunwa ce ko malamin lissafi?"

"Babu ko ɗaya."

"To, malamin lissafi ne."

Bayan nasu kiran, ko miyar waken adas ɗinta ba ta gama sha ba wayar ta yi ƙara. Kutaiba ne.

"Hasken idona, an sha ruwa lafiya?"

"Kai za a tambaya. Kai da ake ba ka a baki."

"A baki kuma?"

"A hannu, a baki, duk ɗaya ne!"

Ya yi dariya. Dariyar ce ta fi ƙona mata rai.

"Rabab, Shahad kowa take raba wa dabino. Baba ma ita ta ba shi."

"Shi Baban ta sa hotonsa?"

"A'a, amma..."

"Ka gani! Ka karanta abin da ta rubuta?"

"Na karanta. Na ce ta goge."

"Ta goge?"

"Za ta goge."

"Kutaiba, dabinon ya yi daɗi?"

"Dabino ne dai..."

"Tambayarka na yi, ya yi daɗi?"

"Wallahi ɗaci gare shi. Kamar magani. Da ƙyar na haɗiye."

Murmushi ya so ƙwace mata, ta danne shi.

"Zuciyata, ki saurare ni," ya ce, muryarsa ta sauka. "Gobe ne fa. Baba ya ce sai ya ga gidajen nan biyu sun zauna kan shimfiɗa ɗaya kafin ya ce komai. Kin san ransa na kan 'yar ɗan'uwansa. Don Allah ki zo da fuskarki ta kullum."

"Za ta zo?"

"Ita ke taya mahaifiyata girki..."

Ta kashe wayar.

Tana juyowa ta ga Sajjad a bakin ƙofa, kofin shayi a hannu. Shi ke tsaye mata a matsayin uba, kuma tun farko bai so maganar nan ba.

"Na ji komai," ya ce. "Ban ce yaron mutumin banza ba ne. Amma ki yi tunani. Gobe za su ci, mu zauna muna kallon bakinsu kamar mabarata. Haka za ki ƙare rayuwarki? Shi ya ƙoshi, ke kina jiran kira? Idinku ma ba lallai ya zo rana ɗaya ba."

"Yaya..."

"Zan raka ki, don na yi wa Bibi alkawari. Amma aka wulaƙanta mu, zan tashi. Kuma in na tashi, magana ta mutu."

Bibi ta ɗago daga tasbihinta.

"Sajjad, ka taɓa ganin kakanka yana kallon bakina kamar mabaraci?"

"Wancan zamani daban ne, Bibi."

"Ranar ce dai take faɗuwa, ba a sauya ta ba."

Washegari da la'asar sakaliya suka tsallaka gada, Sajjad na tuƙi fuska a ɗaure, Bibi ta rungume jakarta tana leƙen unguwar da aka haife ta. Rabab kuwa ba ta ga kogi ba, ba ta ga kowa ba. Hannun Shahad kawai take gani.

Ummu Kutaiba, mahaifiyarsa, ta tare su da fara'a, ta sumbaci goshin Bibi. An yi shimfiɗa doguwa a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, maza a wancan gefe, mata a wannan. Abu Kutaiba ya gaisa da Sajjad cikin mutunci, irin mutuncin da babu ɗumi a cikinsa.

Sai ga Shahad.

Ta fito da tire, ta ɗaure gyale ta baya kamar matar gida, tana kiran kowane kwano da inda yake zama.

"Sannu da zuwa, Malama Rabab," ta ce da zaƙin murya. "Ki zauna abinki, ke baƙuwa ce. Ni na san abin da ɗan baffana yake so. Ba ya son lemon tsami da yawa a miya, kin sani?"

"Na sani."

"Kuma burodin samun ɗinsa sai mai ƙuna-ƙuna a gefe."

"Shi ma na sani."

"Ayya, ashe yana ba ki labarinmu."

Rabab ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Ta saci kallon Kutaiba. Ya sunkuyar da kai yana gyara hannun riga.

A al'adar gidan, dabino da ruwa ake fara ajiyewa, sai an idar da salla a kawo abinci. Amma yau tun rana ba ta faɗi ba Shahad ta fara zuba miya a kwanoni. Ta jera dolma mai tururi, wato ganyen inabi da aka cusa wa shinkafa, ta ajiye tire mafi girma daidai gaban Sajjad.

"Shahad, ba ki yi sauri ba?" in ji Ummu Kutaiba a hankali.

"Baffa ba ya son jira, Inna," ta amsa da ƙarfi don kowa ya ji. "Mu ai ba ma jira."

Sajjad ya dubi tiren, ya dubi Rabab. Jijiyar goshinsa ta tashi.

Ladan ya ɗaga murya, nan kusa, kamar a cikin gidan.

Hannun Rabab bai jira umarninta ba. Ya shiga jakar Bibi, ya buɗe gwangwani, ya zaɓo mai laushi ya miƙa mata. Amma idonta na can gefen maza, inda Shahad ta durƙusa gaban Kutaiba da faranti.

"Bismillah, ɗan baffana."

Ya karɓa.

Ya karɓa! A gabanta!

Hawaye suka cika idon Rabab. Kowa ya kai hannu baki, cokula suka fara ƙara. Sajjad ya dafa gwiwa zai miƙe.

Sai dai Kutaiba bai ci ba.

Dabinon na tafin hannunsa, shi kuwa ya tsura wa shimfiɗa ido.

"Kutaiba," in ji mahaifinsa. "An kira."

"Na ji, Baba. Zan jira baƙina."

Cokula suka tsaya.

"Za ka jira wa?" Abu Kutaiba ya ajiye kofin ruwansa. "Gaggauta buɗa baki aka koya maka a gidan nan. Tun ba a ɗaura ba har ta fara sauya maka addini?"

"Ka gani ko, Baffa?" Shahad ta ce, muryarta na rawa kamar mai shirin kuka. "Abin da nake faɗa ke nan. Yau buɗa baki, gobe salla."

"Mu ba mu roƙi kowa ya jira mu ba," in ji Sajjad, ya miƙe tsaye. "Rabab, tashi. Bibi, mu tafi."

"Baba, ba addini na sauya ba..."

"To ka ci!"

"Ya ci mana!"

Duk suka juyo. Rabab ce. Ita kanta ba ta san ta yi magana ba sai da ta ji muryarta.

"Ya ci, Baffa, wa ya hana shi? Ni ban taɓa cewa ya jira ni ba. Lokacinsa ya yi, ya sha ruwansa!" Ta share ido da bayan hannu. "Amma ba wannan ba..."

"Ba wanne ba?" in ji Abu Kutaiba cikin mamaki.

"Ba wannan dabinon ba!"

Ummu Kutaiba ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na motsi.

Kunya ta lulluɓe Rabab, amma ta riga ta yi nisa. Ta zaɓo mafi kyau a gwangwanin Bibi, ta ɗora a ƙaramin farantin shayi, ta tura shi a kan shimfiɗa. Ya wuce miya, ya wuce dolma, ya tsaya gaban gwiwar Kutaiba.

Ya mayar da na Shahad kan farantinta a hankali.

"Na gode, ƙanwata."

Ya ɗauki na Rabab, ya yi bismilla, ya ci.

"Ya yi daɗi?" Bibi ta tambaya da ƙarfi.

"Bibi!" in ji Rabab.

"Ban taɓa cin irinsa ba," Kutaiba ya ce.

Shahad ta ɗauki farantinta ta shige kicin, ba ta waiwayo ba.

Bibi ta gyara zama ta fuskanci maigidan.

"Hajji, gaskiyarka ce, bai kamata yaron ya jinkirta ba. Ni ma da wannan ladanin nake sha, bayan masallacin nan aka haife ni. Na yi aure a tsallake, na tsufa a can, ban taɓa jinkirta buɗa bakina ba, mijina bai taɓa gaggauta nasa ba. In an yi kiran farko hannunsa ba ya komai, sai ya ba ni. In tashi in yi salla. Ina sallamewa nasu kiran ya taso, nawa hannun ba ya komai, sai in ba shi. Sannan mu ci tare." Ta nuna kwanonin da haɓa. "Wanda ya zuba miya da wuri ne kawai ya yi kuskure."

Abu Kutaiba ya daɗe yana kallonta.

"Kuma yarinyar nan ce ke ba ki, tana cikin azuminta?"

"Tun tana 'yar firamare. Jiya kaɗai ta makara, shi ma laifin ɗanka ne."

Tsohon ya shafa gemu. Wani abu mai kama da murmushi ya ratsa fuskarsa.

"Ummu Kutaiba, a mayar da miyar nan kan wuta." Ya ɗago ya dubi Sajjad da ke tsaye har yanzu. "Ɗana, zauna. Ba mai taɓa abinci a gidan nan sai an kira naku. Mu za mu yi salla."

Sajjad ya waiwaya. Ya dubi Bibi, ya dubi ƙanwarsa da ta sunkuyar da kai. Sannan ya zauna.

Masu salla suka tashi, Bibi ta bi sahun mata tana dafa bango. Aka bar Rabab da yayanta a bakin shimfiɗa.

"Kin ba ni kunya," Sajjad ya raɗa mata.

"Na sani."

"Na ɗauka mazhabarki za ki kare. Ashe kishi ne."

"Yaya, don Allah..."

"Allah ya taimaki yaron nan," ya ce, dariya ta ƙwace masa.

Ana sallamewa, daga tsallaken kogi kiran Kazimiyya ya taso, siriri, iska na kawo shi.

Abu Kutaiba da kansa ya ɗauki dabino ya sa a hannun Sajjad.

"Bismillah. In mun ci, sai mu yi maganar rana. Bayan idi nake so."

"Idin wa, Baffa?" Sajjad ya tambaya.

"Wanda ya zo daga baya. Kowa ya gama nasa tukuna."

Rabab ta ji ƙarar ƙaramin faranti yana tahowa a kan shimfiɗa. Ya tsaya gaban gwiwarta. Ta ɗago ido, Kutaiba na kallonta.

"Daga ina ka ɗauko?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Daga gwangwanin Bibi, wallahi. Ga ta nan, ki tambaye ta."

"Ni na ba shi da hannuna," in ji Bibi. "Ci, 'yar nan, kafin su ma su gama kiran."

Rabab ta yi bismilla, ta kai dabinon baki.