Ranar da Zuwaira Ta Kulle Kakarta

Tun hantsi Zuwaira ke sharar tsakar gida kamar za ta kankare ƙasar Gure. Yau Hajiya Aisa, mahaifiyar saurayinta Umara, za ta zo ganin yarinyar da ɗanta ya nace wa. Damuwar Zuwaira ɗaya ce: Kaka Yakura, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta Hawa. Tsufa ya rikita tsohuwar, takan ɓata jikinta da abinci, takan kira jikar tata da sunan marigayiya.

Abin haushi, Zuwaira ba jahila ba ce. A jami'a a Damagaram, ban da sosiyoloji, wato ilimin zamantakewa, tana karanta ƙaramin fanni kan rayuwar ɗan Adam daga goyo har tsufa. A jarrabawar babin tsufa sha bakwai bisa ashirin ta ci! Amma da ta ji tsayuwar mota, sai ta ja Kaka zuwa ɗakin ajiyar gero ta danna sakata.

Ana cikin gaisuwa aka fara bubbuga ƙofa.

"Hawa! Hawa, buɗe mini, duhu!"

"Wane ne a ciki?" in ji Hajiya.

"Ba… ba kowa, Hajiya."

Hajiya ta tashi da kanta ta zare sakatar. Sai ga Kaka tana hawaye, tana kwance bakin zanenta.

"Na ji baƙi ne, ga goro na ajiye musu."

Hajiya ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta fita ba ta ko kalli Zuwaira ba. Kunya ta hana yarinyar ɗaga kai.

Da la'asar Umara ya kira.

"Ke da kike karanta mini kayen darasinki na jami'a a waya, kina cewa tsoho ba ya son a bar shi shi kaɗai! Zuwaira, Hajiyata ma za ta tsufa. Wane ɗaki kika tanadar mata?"

"Umara, don Allah—"

Ya kashe. Maganar aure ta tsaya cak.

Zuwaira ta yi kuka har ta gaji. Abin da ya fi ƙona mata rai, Kaka ta manta da komai, har lallashinta take yi. Duk tsawon hutun jami'a Zuwaira ba ta nemi kowa ba. Ta mayar da shimfiɗarta ɗakin Kaka, ita ce wanka, ita ce ba ta fura a baki. Ta kuma daina cewa, "Ni ba Hawa ba ce."

Bayan wata uku Hajiya ta shigo ba zato, ta tarar Zuwaira tana yanke wa tsohuwar farce.

"Hawa, ba za ki sake rufe ni ba ko?" in ji Kaka.

Ashe wannan kam ba ta manta ba! Hawaye suka zubo wa Zuwaira.

"Har abada, Inna."

Hajiya ta dubi Zuwaira ta ce, "Ki faɗa wa kawunki Aisami, jibi mazanmu za su zo neman aure."

A ranar ne Zuwaira ta gane cewa ilimin da bai sa mutum ya tausaya wa tsohonsa ba, a takarda kawai ya tsaya.